Yanka, Dako da Maye: Abin da Na Koya Wajen Koyar da Kalmomin Turanci Masu Kusancin Ma'ana

Duk malamin da ya taɓa shirya ɗalibai domin jarrabawar JAMB ko ta WAEC ya san sashen nan da ake ja wa kalma layi a cikin jimla, sannan a nemi ɗalibi ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Yawancin yaran da ke zuwa darasin yamma da nake bayarwa da hadda suke tunkarar wannan sashe, wato su jera kalmomi biyar ko shida, su ɗauka cewa duk wadda aka cire 'yar'uwarta za ta zauna daram a gurbinta. Domin in raba su da wannan fahimta, sai na ware wasu makonni muka tsaya a kan rukuni uku kacal, kalmomin yanka da na ɗaukar kaya da na maye, saboda a wuraren nan Turanci ya tara kalmomi jibgi.

Da yanka na fara, kuma ban buɗe ƙamus ba. Na tambaye su da Hausa me mahauci ke yi wa ƙashi, suka ce sara. Me mai kilishi ke yi wa tsoka, suka ce yanyanawa. Me wanzami ke yi wa suma, suka ce aski. Da na ce to a aske ƙashi a sare suma, ajin ya kwashe da dariya, kuma daga nan aikin ya yi sauƙi, domin sun gane cewa kowace kalma tana tafe da makaminta da kuma abin da ake yankawa. “Chop” sara ne da ƙarfi, irin na gatari ko adda. “Slice” yanka ne fale-fale kamar na burodi. “Mince” daddatsa nama ne har ya zama ƙanana sosai. “Trim” rage gefe ne don gyara, kamar na gemu. “Prune” na rassan bishiya ne, “mow” na ciyawa, “shear” na gashin tumaki, “amputate” kuwa sai likita. “Carve” ta haɗa sassaƙar itace da yanka gasasshen nama a kan teburi, kuma ita da “shear” sun girmi “cut” a harshen, wadda sai wajen ƙarni na 13 ta bayyana a rubuce, ta ture su zuwa ƙananan ayyuka.

A insha'in da suka rubuto kan Babbar Sallah, da yawa sun rubuta “my father cut a ram”, wanda in Bature ya karanta zai zaci rauni aka ji wa ragon, alhali “slaughter” ake nufi. Akwai kuma waɗanda a kunnensu “chop” cin abinci ne, saboda haka Turancin buroka ya saba musu.

Rukunin ɗauka ya nuna mini cewa harsunan biyu ba abu ɗaya suke dubawa ba. Bahaushe yana kula da inda kaya ya zauna a jiki, shi ya sa ake goya yaro, a saɓa gatari, a rataya jaka, a rungumi tulu, a ɗora tire a kan gammo, Turanci kuwa yakan wadatu da “carry” ya ƙara bayanin baya ko kafaɗa ko kai. Abin da Turanci ya fi rarrabewa shi ne nauyi da wahala: “lug” kinkima ce da nishi, “haul” jan kaya ne mai nauyi ko jigilar manyan motoci, “bear” kuma ta fi zuwa a maganar ɗaukar alhaki da jure ciwo da haihuwa. “Bring” da “take” da “fetch” ba su ba mu wuya ba, domin wasalin nan na “o” da ya raba kai da kawo, ko ɗiba da ɗebo, ya riga ya koya wa yaro bambancin nufo mai magana da barinsa.

A nan ne na shigo da ɗan tarihi. Bayan da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci, da na Latin daga baya, sun kwararo cikin harshen, suka zauna gefe da gefe da na asali. “Bear” ta asali ce, “carry” da “convey” ta hanyar Faransanci suka zo, kuma “carry” tushenta ɗaya da “car”, wato kalmar Latin mai nufin amalanke. Sau da yawa kalmar da ta fi tsawo, wadda ta fito daga Latin, ita ce ta kotu da asibiti da ofis.

Maye shi ya fi cin lokaci, har wasu iyaye za su iya tambayar me ya kai malami can, amma jaridu da nassoshin auna fahimta ba su rasa waɗannan kalmomi. Yawansu ma daɗaɗɗen abu ne, domin tun a 1737 marubucin nan na Amurka, Benjamin Franklin, ya buga kalmomi da salon magana fiye da 200 na buguwa a jaridarsa ta Pennsylvania Gazette. Abu biyu ke rarrabe su, nisan mayen da kuma bakin mai magana. “Tipsy” wanda ya ɗan taɓa ne bai fara tangaɗi ba, “drunk” ya bugu, “wasted” da “hammered” da “plastered” kuwa su ne ya yi tatil ko ya yi mankas, maganar majalisar abokai da ba ta shiga takardar jarrabawa. Ɗan sanda da likita “intoxicated” suke rubutawa, wadda tushenta guba ne, kuma tana ɗaukar mayen ƙwaya kamar yadda take ɗaukar na barasa. “Drunkard” suna ne na zargi ga wanda shaye-shaye ya zame masa ɗabi'a, “alcoholic” kuma ta fi karkata ga ɗaukar abin a matsayin cuta.

Ban hana su amfani da littafin jeren kalmomi irin wanda likitan nan Peter Mark Roget ya fitar a 1852 ba, amma na gindaya sharaɗi, cewa duk kalmar da suka ciro sai sun nemo ta a cikin cikakkiyar jimla, sun faɗi wane ne zai furta ta kuma a ina. Da wannan ne wata ɗaliba ta gano da kanta cewa ana cewa “the man is drunk” amma “a drunken brawl”, sannan laifin tuƙi cikin maye da 'yan Amurka ke kira “drunk driving” shi ne mutanen Birtaniya ke kira “drink-driving”.