Mun bi ɗigon waya, Baba yana wani wuri

Yayana da ke Abijan ne ya kawo shawarar, kuma shi ya turo kuɗin. Aka sai wa Baba salula ta Android, aka kunna masa raba wuri a Google Maps, aka ɗinka aljihu a cikin rigarsa. Daga nan duk wanda ke cikin rukuninmu na WhatsApp yana ganin ɗigon Baba a taswirar Tahoua, ni da ke gida da shi, da su da ke ci-rani. Tun da likita ya ce ciwon mantuwa ne, ba sammu ba kamar yadda 'yan unguwa ke raɗawa, fitarsa ce babbar fargabarmu. Ƙungiyar Alzheimer ta Amurka ta ce 6 cikin 10 na masu wannan ciwo sukan fita su ɓace, ko da sau ɗaya ne.

Sayen forfe, wato datar intanet, da neman inda za a yi caji idan kuran ya tafi, waɗannan kowa ya san su. Abin da ba wanda ya kawo a ransa shi ne Baba mutum ne mai kyauta, kuma ciwon bai taɓa wannan hali ba.

Wata ranar Lahadi cikin watan Afrilu, ranar babbar kasuwa, ga zafi ya wuce digiri 40, na dawo bayan la'asar ban tarar da shi ba. Hankalina bai tashi ba, tunda ɗigon na nan kusa da kasuwa, yana tafiya a hankali. Yaya ya kira daga Abijan: "Ƙanwata, kwantar da hankalinki, ga shi can ina ganinsa, ki bi ta bayan tasha." Na hau kabu-kabu muka bi, ɗigo ya yi gabas mu yi gabas, ya tsaya mu tsaya mu duba fuskokin tsofaffi. Har aka kira magariba. Da muka cim ma ɗigon, almajiri ne ɗan ƙarami da kwanonsa, wayar na hannunsa, ya ce wani tsoho ya ba shi ita sadaka tun da azahar. Yaron bai ma san yadda ake kashe ta ba.

Tun azahar! Duk awannin da muka ƙone muna bin yaron nan, da babu wayar da tuni na tayar da unguwa, an watsu ko'ina. Wannan ne har yau ke ci mini rai. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, amma ta sa mu natsu a lokacin da ya kamata mu yi kururuwa.

Wani mai shayi ne ya tsare Baba a kan hanyar fita gari. Ya san Baba tun yana kai hatsi kasuwa, ya ga yana tafe ba takalmi, ya zaunar da shi ya ba shi ruwa. Baba ya ce masa gona za shi, gonar da aka sayar tun muna yara.

Ban yar da waya ba, aikinta na sauya. Ɗan ƙanwata da ke jami'ar Tahoua ya sauke mana iSupport, littafin horon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 don masu jinyar irin su Baba, yana karanta Ingilishin yana fassara mini. Akwai darasi guda a kan yawo da ɓacewa, kuma abin da ya fi nanatawa shi ne a gano dalilin fitar, a sanar da maƙwabta, a bar wa mutum shaida a jikinsa. Sai na fara aika saƙon murya kowace yamma kan abin da Baba ya yi. Da muka koma muka saurare su a jere, ashe kusan kullum da la'asar ƙafarsa ke ƙaiƙayi, lokacin da a da yakan je duba dabbobi. Yanzu ƙararrawar wayata na bugawa kafin la'asar, wani yaro ya zaga da shi har masallaci su dawo. Lambata kuma an ɗinka ta da zare a wuyan kowace rigarsa, abin da ba zai iya cirewa ya bayar ba. Hotonsa na wayar mai shayi, da liman, da 'yan kabu-kabun bakin titinmu.

In za ku saka wa tsohonku irin wannan manhaja, duk sanda kuka ga ɗigon a waje, ku kira lambar ku ji wa zai ɗauka kafin ku bi shi. Ku duba kuma lokacin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, don in rezo ya yanke, wurin ƙarshe yake ci gaba da nunawa.

Yaya dai bai haƙura ba, yanzu agogon hannu mai GPS yake son aikowa. Na ce masa ya aiko, amma ya haɗo da kuɗin yaron da ke raka Baba, don wata biyu ke nan daga aljihuna nake biyansa.