Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ragon Maƙwabcinmu

A makon jiya na tsaya inda muka koma Wusasa, ina 'yar shekara 11. Babbar Sallar farko da ta same mu a can, maƙwabcinmu Alhaji ya aiko mana da cinyar rago cikin kwano. Muna ci na tambayi Baba, wanda a lokacin mai bishara ne, me ya sa mu ba ma layya alhali mu ma muna karanta labarin Ibrahim.

Sai da ya wanke hannu ya ce, "Ɗauko mini Littafin, uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ce ta 1932, bangonta ya sha ɗinki.

Ya buɗe Farawa sura 22. 'Yan'uwanmu Musulmi sun riƙe cewa Isma'ila ne aka kai yanka, a namu Littafin kuwa Ishaku ne, kuma Baba bai taɓa ɗaukar wannan abin faɗa da maƙwabci ba. Abin da ya ɗora yatsa a kai tambayar da yaron ya yi wa mahaifinsa ce a hanyar Moriya, inda za a yi yankan: ga wuta, ga itace, ina ɗan ragon? Ibrahim ya ce Allah zai tanada. Baba ya ce in riƙe tambayar, mu bi sawunta.

Kwana huɗu muna bi bayan tuwon dare, da fitilar ƙwai. A Fitowa 12 rago ya zama na kowane gida: namiji ɗan shekara ɗaya marar aibu, a ware shi ran 10 ga wata, a yanka ran 14, a shafa jininsa a dogaran ƙofa, kada a karya masa ƙashi ko ɗaya. Da muka kai Ishaya 53 jikina ya yi sanyi, domin a nan mutum ne ake ja zuwa mayanka kamar rago, bai ko buɗe baki ba. Na ce, "Baba, wane ne?" Ya yi murmushi, ya nuna mini Ayyukan Manzanni 8, inda wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha ya yi wa Filibus mai bishara wannan tambayar tawa a cikin keken doki.

Daga nan abin ya zo da sauri. Yahaya Mai Baftisma ya nuna Yesu ya kira shi Ɗan Rago na Allah, kuma a kan gicciye sojoji ba su karya ƙafafunsa ba, marubucin Bisharar ma ya tsaya ya tuna mana da maganar ƙashin.

Bayan shekaru, a makarantar tauhidi, na ji cewa Yahudawa da yawa suna karanta mutumin nan na Ishaya, wanda ake kira bawan Allah, a matsayin al'ummar Isra'ila kanta, mai shan wuya cikin al'ummai. Na yi kwanaki abin yana cina. Har yau karatun Baba nake bi, da zuciya ɗaya, sai dai na daina ganin kamar masu littafin na farko ba su iya karanta abinsu ba.

Daren na huɗu Baba ya rufe Littafin, ya ce wa Inna ta zuba waina da miyar taushe in kai gidan Alhaji, kada kwanonsu ya koma wayam. A zauren nan na haɗu da yarinyar da ta zama aminiyata har yau. Labarinta sai mako mai zuwa.