Neman dusar ƙanƙara a Maraɗi

Da asuba motarmu ta bar Damagaram, hunturu ya kankama, kowa ya naɗe kai da rawani ko mayafi. Mun wuce Takeita, muka tsaya Tasawa aka sha shayi da burodi, sai Gazawa, Agye da Cadawa. Hazo ya rufe hanya har ba a hango gawon da ke bakin gona sai an zo dab da shi. Hantsi ya yi sosai muka shiga Maraɗi, ɗan kabu-kabu ya kai ni wani lungu kusa da babbar kasuwa.

Wani dattijo na zo nema, mai zanen allunan shaguna da labulen da masu ɗaukar hoto ke ratayawa a bayan mutane. Abin da ya fi karɓuwa a wurinsa shi ne dutse mai dusar ƙanƙara, alhali bai taɓa wuce Kano ba. Ya ce tun yana yaro haka mutanenmu suke, ana fama da zafi amma kowa na son a ɗauke shi a gaban sanyi.

Ya ciro wata tsohuwar kalanda mai hoton Kilimanjaro, dutsen Tanzaniya mai tsayin mita 5,895, ya ce in zana. Na kai hannu ga farin fenti, ya riƙe ni.

"Samari, ina za ka da shi?"

"Baba, ai ƙanƙara fara ce."

Sai ya nuna mini wani Alhaji da ke tsaye a rana da farar babbar riga. Ya ce in duba da kyau: kafaɗa ce kaɗai fara tas, cikin ninkin kuwa shuɗi-shuɗi ne, wani wurin ruwan toka. Dalili kuwa, inda rana ba ta kai ba hasken sararin sama ne ke sauka, shi ya sa inuwar ƙanƙara ke ɗaukar shuɗi.

A nan muka daɗe. Da duhu ake farawa: a haɗa shuɗi da ruwan ƙasa, a sirka ya yi ruwa-ruwa, a fitar da siffar dutsen. Sannan a yanke shawarar ta ina rana take, kuma ba a canzawa har a gama. Gefen inuwa a sa fari da ɗan shuɗi. Farin gaske shi ne na ƙarshe, mai kauri, kuma ba da buroshi ba, da wata 'yar wuƙa marar kaifi. A ɗebo kaɗan a bakinta, a ja a hankali ba tare da dannawa ba, fentin ya riƙa tsinkewa, duhun ƙasa na leƙowa. Waɗannan tsinke-tsinken su ne duwatsun. A ganina nan ne gwanintar take, don hannun ɗan koyo nauyi gare shi.

Tsaunukan nesa kuwa ba su ba ni wahala ba. Duk wanda ya yi tafiyar hunturu ya san abin da ke nesa yana dushewa, launinsa ya koɗe, bakinsa ya ɓace.

Ƙura ce abokiyar gabar wannan sana'a. Fentin mai ba ya bushewa kamar ruwa, sai man ya sha iska a hankali ya daskare, farin mai kauri kuma ya fi kowane daɗewa. Kafin nan duk abin da iska ta kwaso ya manne. Shi ya sa Baba ke jingina zane fuskarsa na kallon bango, a ƙuryar ɗaki.

Ranar Juma'a, ana cin kasuwa, na yi sallama. Zanen bai bushe ba, ya ce kada in kuskura in sa shi a mota tsakanin buhuna. Na bar masa jika ɗaya ta direba, a kan zai aiko mini shi Damagaram in ya yi ƙwari.