Injin roka daga ƙasan teku, jakar ƙurar wata a gwanjo: na wa ne?

A watan Maris na 2013 wata tawaga da Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya ɗauki nauyinta ta ciro tarkacen injinan roka daga ƙasan tekun Atlantika, a zurfin da ya haura mita 4,000. Injinan F-1 ne na rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata. Kowace roka tana ɗauke da biyar a gindinta, suna cin wuta na kimanin minti biyu da rabi, mai ya ƙare, a saki sashen ya faɗa ruwa. Bayan wata huɗu masu gyara suka kankare tsatsa suka ga lamba 2044, wadda ta nuna ɗaya daga ciki na Apollo 11 ne, tafiyar da ta fara sauke ɗan Adam a kan wata. Bezos ya kashe kuɗi, ya sha wahalar nema, amma tun kafin a taɓa ƙarfen ya faɗa da bakinsa cewa kayan NASA ne, hukumar sararin samaniya ta Amurka. Yanzu suna gidajen tarihi a Seattle da Washington.

Ba kara ya yi wa gwamnati ba, doka ce. Sashe na 8 na yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ya ce mallakar abin da aka harba ba ta gushewa don ya je sama ko don ya dawo ƙasa, kuma idan an tsince shi a wajen iyakar ƙasar da ta yi rajistarsa, a mayar mata. Yarjejeniyar 1968 ta ƙara bayani: ƙasar da abin ya faɗo mata ta sanar da mai shi da kuma babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuɗin ɗauko shi da mayarwa kuma a wuyan wanda ya harba. Najeriya tana cikin yarjejeniyoyin biyu. A fiƙihun da muka tashi da shi, mai tsintuwa yana cigiya shekara guda, daga nan hukunci ya sauya. A nan babu wa'adi. Tauraron Vanguard 1 da aka harba a 1958 ya daina magana tun 1964, yana can yana kewaya duniya, kuma har gobe na Amurka ne sai in ita ta ce ta yafe.

Manyan kaya ba su cika jawo rigima ba. Ƙananan da suka bi ta hannun mutane su ne matsala, kuma kusan kullum takarda ce ke raba gardama. Akwai wata farar jaka da Neil Armstrong ya zuba samfurin ƙasar wata na farko a ciki a 1969. An ba da ita ajiya ga gidan tarihi na Cosmosphere da ke jihar Kansas, daga baya hukuma ta kama ta cikin kayan da aka ƙwace a wata shari'ar sata. A rajista an rikita lambarta da ta wata jakar da ba ta da wannan daraja, don haka a 2015 gwamnati da kanta ta yi gwanjonta a kan dala 995. Matar da ta saya, lauya ce, ta aika wa NASA don a duba mata. Suka gwada, suka ga ƙurar wata ce ta Apollo 11, suka ƙi mayarwa. Alƙali ya ce ciniki ya faɗa, mai saye ba ta yi ha'inci ba, a ba ta kayanta. Ranar 20 ga Yuli 2017 aka sayar da jakar a gidan gwanjo na Sotheby's a kan dala miliyan 1.8. Kuskuren lamba ɗaya a littafin ajiya ke nan.

Su kansu 'yan sama jannatin sai da aka yi ja-in-ja da su. A 2011 gwamnati ta kai Edgar Mitchell na Apollo 14 kotu saboda kyamarar da ya dawo da ita ya sa a gwanjo, NASA kuma ta tare cinikin littafin lissafin James Lovell na Apollo 13 bayan an taya shi sama da dala 388,000. Hujjar 'yan sama jannatin ita ce a wancan zamanin shugabanninsu sun yarje musu da baki su riƙe irin waɗannan abubuwa, ba a rubuta ba. A 2012 majalisar dokokin Amurka ta yi doka ta mallaka wa 'yan sama jannatin shirye-shiryen NASA na farko, wato Mercury da Gemini da Apollo, tsarabar da ke hannunsu, ban da duwatsun wata. A ganina an yi daidai, sai dai an makara da shekara arba'in.

Duwatsun watan da aka yi kyauta da su nasu hukuncin daban. Shugaba Nixon na Amurka ya raba wa ƙasashe 135 'yan gutsattsari daga Apollo 11, sannan daga Apollo 17, kowanne a cikin ƙwallon roba mai garai-garai a kan allo da tutar ƙasar. Da zarar an miƙa, ya zama dukiyar ƙasar da aka ba, ba na shugaban da ya karɓa ba, ba na iyalinsa ba. Na Honduras ya ɓulla a Amurka a 1998, wanda ke riƙe da shi yana neman dala miliyan 5. Jami'ai suka yi shigar masu saye suka kama, kotu ta yanke hukunci a 2003, aka mayar wa Honduras. Da yawa daga cikin na sauran ƙasashe sun ɓace a juyin mulki, gobara da sauyin gwamnati.

Akwai dalilin da ya sa ban goyi bayan mai tsintuwa ya riƙe ba, kuma ba na doka ba ne. Ƙarfen da ya shekara arba'in a teku ya sha gishiri har cikin tsatsarsa. Idan aka fito da shi aka bar shi ya bushe, gishirin yana ƙanƙarewa a cikin tsagu, ya ja laima daga iska, ya ci ƙarfen da saurin da ya fi na cikin ruwa. Shi ya sa tun a kan jirgi ake ta fesa masa ruwan daɗi, a kai shi tanki, a riƙa sauya ruwan ana auna gishirin da ya fito har ya sauka, aikin watanni ko shekaru. Injin F-1 kuma haɗin gambiza ne: bututun nikel, jan ƙarfe, alminiyam da baƙin ƙarfe. Idan irin waɗannan suna manne a cikin ruwan gishiri, ɗaya yana cinye ɗaya kamar yadda ake yi a cikin batir, kuma alminiyam ne ke fara tafiya. Maganin da ke kare wannan yana iya ɓata wancan, dole a warware a bi kowanne da nasa. Kumbon Liberty Bell 7 na ɗan sama jannati Gus Grissom, da ya nutse a 1961 aka ciro shi a 1999, an same shi da ɗan bam na ba da sigina da bai tashi ba, sai da aka cire shi kafin a ci gaba da komai.

Abin zai iya zuwa har gonarmu. A ƙarshen Disambar 2024 wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku na Kenya. Abin da ya fi tsira daga zafin dawowa shi ne tankuna masu siffar ƙwallo, don titaniyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,600, alminiyam kuwa 660 ya ishe shi. Irin waɗannan tankuna kan zo da ragowar man haidirazin, mai warin amoniya, mai ƙona fata da huhu, wasu kuma da sauran iskar gas a matse. Wanda ya gani kada ya taɓa, kada ya shinshina, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, ya kore yara da dabbobi. A ɗauki hoto daga nesa, musamman in akwai lamba ko rubutu, a rubuta rana da lokaci, a adana wurin a taswirar waya. Sai a gaya wa mai unguwa ko dagaci da 'yan sanda, su kai ga NASRDA, hukumar sararin samaniya ta Najeriya da ke Abuja. Babbar asara ita ce a kai wa 'yan gwangwan su sa wutar walda: ga haɗarin fashewa, ga lambar da za a gane mai shi ta tafi, kuma da ita ake neman diyya a ƙarƙashin yarjejeniyar 1972 kan ɓarnar da kayan da aka harba suka yi. Da tauraron Cosmos 954 ya watsa tarkace mai guba ta nukiliya a Kanada a 1978, Tarayyar Sobiyat ta biya dalar Kanada miliyan 3.

Wuri ɗaya da dokar ta bar giɓi shi ne kan wata. Sashen kumbon Apollo 11 da ke can na Amurka ne, amma sawun ƙafar Armstrong ƙasar wata ce, kuma sashe na 2 na yarjejeniyar 1967 ya hana kowa mallakarta. A 2011 NASA ta ba da shawarar kada wani kumbo ya sauka ƙasa da kilomita 2 daga wurin, kada mota ta matso ƙasa da mita 75. Shawarar ba ta ɗaure Sin ko Rasha ba. Yarjejeniyar Artemis kan binciken wata, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Disambar 2022, ta yi maganar kiyaye irin waɗannan wurare.

Kano tana da haƙƙin magana a wannan zance. A shirin Mercury, NASA ta kafa jerin tashoshin bibiyar kumbo a faɗin duniya, ɗaya a Kano, ɗaya a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu 1962, da ɗan sama jannati John Glenn ya ratsa saman Afirka, tashar Kano tana cikin waɗanda suka yi magana da shi, kuma ta ci gaba da aiki har zamanin Gemini. Wannan bai ba mu mallakar kumbo ba, kuma neman hakan ɓata lokaci ne. Abin da za a iya nema aro ne. Tun 1967 akwai yarjejeniya da ta ba Smithsonian, cibiyar gidajen tarihi ta Amurka, damar farko a kan kayan tarihin NASA, kuma tana ba gidajen tarihi aro idan sun cika sharuɗɗan tsaro, inshora, daidaita zafi da laima, da kariya daga ƙura, wanda a garin da ke shan hazon hunturu shi ne mafi wuya. Gidan Makama, ta hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, shi ya dace ya rubuta takardar.

Kafin nan, duk gidan da ke da hoto, katin shaidar aiki ko wasiƙa daga wannan tasha, kayansu ne halak malak. Kada a manne su da roba mai zafi, kada a sa salatif, kada a rubuta da biro a baya. A sa a ambulan na takarda, a rubuta da fensir a jikin ambulan sunan mai hoton, shekara da wanda ya ba da labarin, a ɗauki kwafi mai kyau a kai wa gidan tarihi ko sashen tarihi na Jami'ar Bayero.