A gayyaci mutum ranar aiki kafin a miƙa masa fom

Duk ƙungiyar taimakon al'umma da ta ɗan kwana biyu tana da rajista iri biyu. Akwai wadda ke cikin jakar sakatare, mai sunaye arba'in. Akwai kuma wadda ake gani da ido ranar aiki, mai mutum takwas, kuma su ne dai takwas ɗin bara. Idan suka gaji suka fara ƙorafi, shawarar da ake kawowa a taro ɗaya ce: a nemo sababbin mambobi. Sai a buga fom, a rarraba, a samu mutum goma. Bayan wata shida saura biyu.

Kafin a buga fom ɗin, a ɗauko littafin halarta na wata 12 da suka wuce a yi lissafi. Mutum nawa suka shigo, nawa suka daina zuwa, kuma wata nawa kowannensu ya yi kafin ya ɓace? A ɗauki misalin ƙungiya mai mamba 30 da ta karɓi 6 a shekara, 7 suka sulale. Wannan ba ta da matsalar gayyata, ɗibar ruwa take da kwando. A sa wani dattijo mai sanyin baki, wanda ba ya riƙe da muƙami, ya kira waɗanda suka tafi ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu tambaya guda: me ya sa ka daina zuwa? Shugaba kada ya yi wannan kiran, don za a ji nauyinsa a ce masa hidima ce ta yi yawa, alhali ba ita ce ba.

Manyan ƙungiyoyin duniya ma suna fama da wannan. Rotary, wadda lauya Paul Harris ya kafa a Chicago a 1905, ta daɗe mambobinta suna tsaye a wajen miliyan 1.2, duk da cewa kowace shekara sababbi na shiga. An san ta da taron mako-mako da tsananin dokar halarta. A 2016 majalisar dokokinta ta sassauta, ta bar kowane reshe ya tsara lokutan taronsa da ƙa'idar halartarsa, muddin zai haɗu aƙalla sau biyu a wata. A ganina darasin a bayyane yake. Zaman kujera a ɗakin taro shi ne mafi sauƙin ƙirgawa, shi ya sa ake auna jajircewa da shi, amma akwai wanda ba ya fashin taro kuma bai taɓa ɗaga tsinke ba.

Don haka sai ƙungiya ta zauna ta faɗa wa kanta abin da take nufi da jajircewa, da lambobi, a shafi ɗaya. Taro nawa a wata, kuma minti nawa kowanne? Awa nawa ta aikin hannu ake so daga mamba, huɗu ko shida? Kuɗin mamba nawa ne, yaushe ake biya, kuma akwai wasu gudummawa da ke tasowa a tsakiyar shekara? Wannan takardar ce za a nuna wa duk mai sha'awar shiga tun kafin ya amsa. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen mai gayyata. Kunya da son a amsa masa sukan sa ya ce, "Ai ba wani abu, ka zo kawai." Mutum ya shigo a kan haka, sai a wata na biyu ya tarar da kuɗi da kwamiti da aikin ƙarshen mako. Zai ji an yaudare shi, kuma yana da gaskiya. Gara mutum ya ga nauyin ya ce ba zai iya ba, a rabu da mutunci.

Wa za a gayyata? A fara da giɓin da ake da shi. Idan aikin bana ya shafi duba lafiya, akwai ma'aikacin jinya a ciki? Akwai wanda ya iya riƙe littafin kuɗi, da wanda ya san rubuta wasiƙar neman izini, da mai motar da za ta ɗauki kaya? Rotary tun farkonta ta ginu ne a kan ɗaukar mambobi bisa sana'o'i daban-daban, kuma hikimar tana nan: ƙungiyar da kowa ke kawo abokin hirarsa za ta cika da masu sana'a ɗaya, shekaru ɗaya, tunani ɗaya. A rubuta giɓi biyar a allo, kowane mamba ya kawo suna biyu da suka dace da ɗaya daga ciki, a kuma rubuta wa zai tuntuɓi wa, zuwa wace rana. Sanarwa a Facebook tana sa a san ƙungiya, amma da wuya ta kawo wanda zai zauna. Mutum yakan zo ne don wani da yake ganin girmansa ya dube shi ya ce, "Muna bukatar irinka a wannan aikin."

Gayyatar farko kuwa ta zama ta ranar aiki. Baƙon da aka fara kai shi taron da ake gardama a kan rahoton taron baya zai ƙirga mintoci ne har a tashi. Wanda aka ba shi rajistar masu ba da jini ya riƙe, ko buroshin fenti a ajin da ake gyarawa, zai koma gida da abin da zai ba iyalinsa labari. Gani ya kori ji. Ya zo aiki sau biyu, taro sau ɗaya, sannan a yi maganar fom. Kuma kada a kwaso da yawa lokaci guda. Ƙungiya mai mutum 25 ba za ta iya kula da sababbi fiye da huɗu ko biyar ba. Biyu ko uku tare sun fi ɗaya shi kaɗai, don suna ɗebe wa juna baƙunta.

Wata uku na farko su ne komai, kuma nan ne ya kamata a fi kashe ƙarfi. A haɗa kowane sabo da tsohon mamba guda, wanda ba shi ya kawo shi ba, don ya samu mutum na biyu da ya sani. Aikin wannan jagoran ƙanana ne amma ba a wasa da su: ya zauna kusa da shi, ya fassara masa gajerun sunaye da tsofaffin maganganun da 'yan ciki kaɗai ke ganewa, ya gabatar da shi ga mutum biyu a kowane zama. Cikin mako biyu a ba sabon aiki nasa na kansa, mai iyaka da ranar gamawa, kamar samo farashin kayan aiki daga wuri uku, ko kiran mutum goma don tabbatar da zuwansu. Idan ya gama, a ambace shi da suna a gaban jama'a. Idan ya yi fashi sau biyu a jere, a kira shi cikin kwana biyu, kiran gaisuwa, ba na tuhuma ba. Wanda ya ɓace wata guda ba wanda ya neme shi ya riga ya samu amsar tambayar da ke ransa.

Ana lalata wannan lokacin ta hanya biyu. Ko a bar sabo yana ɗumama kujera wata shida, ko a ga yana da zafin nama a ɗora masa sakatare a watansa na biyu saboda kowa ya gudu daga muƙamin. Na biyun ya fi muni, domin mutumin kirki ake ƙonawa da shi.

Tsofaffin mambobi su ma sai sun kama bakinsu. Jimla ɗaya ce ke kashe gwiwar sabo fiye da kowace: "Mun taɓa gwada wannan, bai yi ba." Wataƙila gaskiya ne, amma a bar shi ya gwada a ƙaramin mataki. Taro ya fara a kan lokaci ko da mutum biyar ne suka iso, ya ƙare cikin awa ɗaya, da ajanda da aka tura tun jiya. Idan ana jiran masu latti, masu zuwa da wuri ake hukuntawa. Zauren WhatsApp ya zama na sanarwar aiki kawai, hira a buɗe mata nata, in ba haka ba saƙon da ya dace zai nutse.

A duba lokacin taron ma, domin shi ke tace mutane ba tare da an sani ba. Lions, wata ƙungiya irin Rotary wadda Melvin Jones ya kafa a 1917, sai a 1987 ta buɗe ƙofa ga mata, Rotary kuma a 1989. Doka ta canza, amma taron da ake yi a lokacin da uwa ke tare da yara, ko ma'aikaci ke bakin aiki, ya ci gaba da korarsu ba da baki ba. Haka matasa: kuɗin mamba mai rahusa na shekarun farko ya fi dogon jawabi a kan manyan gobe tasiri.

Sai kuɗi. A raba asusun kuɗin mambobi da na gudummawar aiki, mutum biyu su sa hannu kafin a cire ko sisi, a karanta rahoto da rasit duk wata uku. Masu gaskiya ba sa tayar da rigima idan suka ga lissafi bai fito ba. Shiru suke yi, su daina zuwa.

Wanda rayuwa ta sha masa kai, da jinya ko sauyin aiki ko karatu, a ba shi hutu na wata shida a rubuce, ba tare da bashi na taruwa a kansa ba. Wanda kuwa ya shekara ba zuwa ba biya, an kira shi sau biyu bai amsa ba, a aika masa takardar godiya a cire sunansa. Rajista za ta ragu daga arba'in zuwa ashirin da biyar, abin ba daɗin gani, amma ranar da za a raba aiki sakatare zai san mutum nawa zai lissafa.