Godiya daga gidanmu a Wusasa, Zariya, bayan Kirsimeti

Salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku duka. Baƙi sun watse, an wanke tukwane an kife, ƙafafuna har yanzu a kumbure suke, amma ba zan iya kwanciya da bashin godiya a kaina ba. Masu kira da masu turo saƙo kuna tambayar jikin Auta, da sauƙi ƙwarai. An canza mata bandeji, wurin ya fara kamewa, tana cin abinci, har ta koma rigimarta da yayyenta. Wanda ban ɗauki wayarsa ba ya yi mini aikin gafara, hannuna ne bai zauna ba.

Hajiyarmu ta bayan katanga, Maman 'Yan Biyu, ta ce kada in kuskura in ambace ta. To yau dai sai ta yi haƙuri, yabon gwani ya zama dole. Lokacin da man cin-cin ya fallatso wa yarinyar nan a hannu, tsakar gida cike take da mata, kowace da maganin da ke bakinta. Wannan ta ce a kawo manja, waccan ta ce a fasa ɗanyen ƙwai, wata har ta matso makilin a yatsa. Hajiya ta faɗo gidan ko takalmi babu, ta daka tsawa ɗaya, kowa ya ja da baya. Abin da ta fara yi shi ne zare wa yarinyar awarwaro tun hannun bai kumbura ba. Ta ɗora ta a cinya, ta sa yara suka jeru daga bakin randa kowa da buta, ana tsiyaya ruwa a kan ƙunar a hankali, wannan buta na ƙarewa wata na hawa. Ta ajiye wayarta a kan turmi tana duba lokaci, ta ce ba mai ɗaga yarinyar sai an cika minti 20, domin zafin mai yana ci gaba da cin naman ciki ko bayan an share man daga fata, duk wani abu mai maiƙo da aka shafa kuwa rufe zafin yake yi a ciki. Da aka rugo da ƙanƙara ta ce a mayar, ƙanƙara ƙara lalata fatar take yi. Da yake hunturu ne, ta sa aka lulluɓe sauran jikin da bargo kada sanyi ya kama ta. Wurin da ya yi bororo ta hana a fasa, ta hana a ɗora auduga don tana mannewa, ta rufe da leda mai tsabta sako-sako. Sannan ta ce ƙunar yaro in ta fi tafin hannunsa faɗi, ko ta taɓa hannu ko fuska ko gaɓa, ba a jinyarta a gida.

Duk wannan tana yi ne hannunta na rawa, na gani da idona. Bakinta kuwa bai daina "sannu 'yata, sannu Autar Mama" ba, ni uwar yarinyar ina durƙushe na kasa ko tashi. Hajiya, ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah ya tsare miki naki, ya raya su, ya sa su yi miki abin da ya fi wannan. Ɗanki da ya fito da Keke Napep a daren nan, ya jira mu a bakin asibiti cikin sanyi, ya kuma ƙi karɓar ko kuɗin mai, Allah ya buɗa masa, ya kare shi a kan titi. Ma'aikatan jinyar da muka tarar a bakin aiki ranar da kowa ke gidansa, Allah ya saka muku.

Tunda soye-soyen sabuwar shekara na tafe, bari in isar da abin da Mama shugabar Zumuntan Mata ta zaunar da mu ta faɗa, ita da ta fi kowa daɗewa a bakin kasko. Man cin-cin ba ya kumfa haka kawai. Ƙwai ne ko bota ko bekin fauda ya yi yawa a kwaɓin, ko kuma an barbaɗa fulawa da yawa wajen murzawa ba a kaɗe ba, sai ta zube a man ta ƙone. Ma'auninta ga fulawa kilo 1: sukari gwangwanin madara 1 da rabi, bota rabin leda mai giram 250, ƙwai 2, bekin fauda ƙaramin cokali 1, gyaɗar ƙamshi da ɗan gishiri, a kwaɓa da madara ya yi tauri, a rufe ya huta kafin a murza. Mai kada ya wuce rabin kasko, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, domin in aka labta da yawa man zai huce, cin-cin ya sha mai, kumfa kuma ta taso ta zubo cikin wuta. In wuta ta kama man, ruwa haramun ne, fashewa zai yi ya watsu a jikin mutane. A kifa murfin ƙarfe ko babban faranti, a janye itacen, a bar shi a rufe har ya huce. Murhun suya kuma a kafa shi a lungu, nesa da hanyar da yara ke bi zuwa randa ko bayi. Mama, ke kika karɓi matsami kika ƙarasa suyar muna asibiti, har gari ya waye kina kai. Ubangiji ya ƙara miki ƙarfin gwiwa da tsawon rai.

Sai 'yan watanda. Gida 12 muka haɗu a kan sa ɗaya, ana zubi duk wata tun Fabrairu, Yaya Babba ke riƙe da littafin, kuma ko sisi bai yi ciwon kai ba. Shi ya dage a sayi san tun farkon Disamba a ɗaure, don ya san makon biki dillalai ba sa jin kira. Ya tafi da mahaucin da ya san dabba, aka duba hanci da danshi, ido garau, yana tuƙa, kashinsa ba zawo ba, aka buɗe baki aka ga haƙora. Malam na masallacin unguwa, da aka idar da sallar asuba ya taho da wuƙarsa ya yi mana yanka kamar yadda ya saba, domin duk wanda aka kai wa kwano ya ci da kwanciyar rai. Malam, mun gode, Allah ya bar zumunci. Rabon ma ya tafi lafiya saboda ba a yi shi da ido ba. Tsoka aka fara aunawa a sikeli kashi 12, sannan ƙashi, sannan kayan ciki, aka sa yaro ya juya baya, ana nuna kashi yana kiran sunan gida. Kai da ƙafa da fata aka sayar aka sallami mahauci. Wanda ya taɓa ganin yadda watanda ke raba 'yan'uwa a kan hanta zai gane dalilin da na tsaya a nan.

Goggo ce ta tsare mana naman. Ta ce kada a dogara da firiza a irin wannan wuta mai zuwa da ɗaukewa, balle a tula nama da ɗuminsa a leda guda: gefe zai daskare, tsakiya ta yi wari. Kayan ciki ta fara wankewa aka yi farfesu a ranar, don su ke fara lalacewa. Sauran ta tafasa da gishiri da citta da tafarnuwa da albasa, ruwa kaɗan, ta tsame ya tsane a kwando, aka soya har ya daina tsartuwa, aka baza a tire ya huce sarai kafin a rufe. Naman da aka rufe da zafi gumi yake yi, gumin nan shi ke kawo fumfuna. Romon ta ajiye, da shi aka dafa shinkafa.

Matan Zumunta da kuka kwana a kan dafa-duka, ban isa in lissafa ku ba, kun san kanku. Tiya 8 aka dafa, a lissafin tiya ɗaya ta ciyar da mutum 15 zuwa 20, aka raba tukunya biyu don babbar tukunya ɗaya ba ta nuna daidai. Kayan miyan sai da aka tafasa ruwansu ya ƙone, aka soya har mai ya taso sama, in ba haka ba tsamin tumatir ba ya fita. Ruwa daidai kan shinkafa, ba a bari ya haura ba. Da ya tsotse aka janye itace aka bar garwashi, aka rufe bakin tukunya ruf, turiri ya ƙarasa aikin. Yawan juyawa shi ke caɓe ta, shi ya sa Maman Tagwaye ta ɓoye muciya a bayanta, duk wadda ta miƙo hannu ta harare ta. Ɗanyar albasa ba a zuba wa wadda za a ajiye a kula ba, haka jiƙaƙƙen cokali bai shiga ba, ga shi har dare ba ta yi yami ba. Zoɓon ma ba a sa masa sukari ba sai da za a sha, kunun aya kuwa da safe aka tace aka dasa cikin ƙanƙara, don ba ya jure rana. Yaran da suka yi ta zirga-zirgar kai kwanuka gida-gida, kuka dawo da wasu cike da dubulan da alkaki, Allah ya yi muku albarka.

Telanmu, ka cika alkawari. An kai maka turmi 3 na atamfa kafin ƙarshen Nuwamba, ka bar wa kowace yarinya kalmasa mai faɗi yadda za a saki baɗi. Ranar jajibiri kuma ka kwance hannun rigar Auta ka buɗa shi don bandeji ya shiga, ba ka karɓi komai ba. Allah ya sa albarka a kekenka.

Iyaye za su gane wannan. Shekara da shekaru kana sayen takalmi da ƙarin lamba ɗaya, kana cusa takarda a gaba, sai kawai ka waiga ka ga babban ya dawo hutu daga bautar ƙasa ya ɗauki gatari yana faskare ba wanda ya sa shi, mai bi masa ta haɗa miya ba ta tambayi ko gishiri nawa ba. Da muna asibiti su suka riƙe gidan, suka tari baƙi, suka shimfiɗa wa kowa. Baban yara, kai da ba ka iya zama a bakin murhu, an ce an gan ka kana fifita wuta da murfin bokiti. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara rufin asiri. Inna kuma ta tara jikoki da yamma ta karanta musu Luka sura 2 daga tsohon Littafinta Mai Tsarki, fassarar 1932 ta zamanin Likita Mila, Baturen mishan, wanda bangonsa ya sha ɗinki. Ta ce tunda Auta ba za ta iya tsayawa cikin masu wasan makiyaya ba, to a kawo mata labarin har gado. Da safe bayan sujada ta ja su zuwa tsohuwar majami'ar ƙasa ta St. Bartholomew, ginin 1929, tana nuna musu inda iyayenta suke zama. Inna, Allah ya bar mana ke.

Limaminmu da dattawan ikilisiya da suka zo har gida suka yi addu'a, mawaƙan da suka biyo da waƙa ƙofar ɗaki, mun gode. Samarin da suka tsaya a ƙofar majami'a suna duba jakunkuna, da 'yan sintirin unguwa, Kirista da Musulmi, ku ba ku ji wa'azin ba don mu mu ji. Tun harin bam da aka kai wa wata majami'a a Madalla ranar Kirsimetin 2011, uwa ba ta tura yaro sujadar wannan rana gabanta bai faɗi ba. Allah ya tsare ku kamar yadda kuka tsare mu.

'Yan'uwa da suka taso daga Kano da Jos da Kafanchan, kuka sha cunkoson Kwangila da tsadar mota, Allah ya mai da ku gidajenku lafiya. Na Abuja kuma da suka ce a ajiye musu ɗaki da kason nama, an ajiye. Inna ta yi ta leƙen ƙofa duk motar da ta tsaya. Mun san hanya ba daɗi, mun san aiki, ba ƙorafi nake ba, amma ko kira ɗaya a tambayi yarinya ai da ya wadatar. Zumunta dai a ƙafa take. Naman yana nan a soye, in kun samu mai tahowa ku faɗa.

Ya Ubangiji, kai ka san kowane hannu da ya taɓa wannan hidima, wanda na ambata da wanda gajiya ta mantar da ni. Wanda ya ba da itace, ka haskaka gidansa. Wadda ta ɗebo ruwa, kada ka bar ta da ƙishi. Wanda ya ranta mana bai tambayi ranar biya ba, ka buɗe masa ƙofar da bai zata ba. Masu jinya a asibiti da muka baro a kan benci, ka taɓa marasa lafiyarsu. Gidajen da suka yi bikin bana babu uba ko babu uwa, da waɗanda aka raba da garuruwansu, da waɗanda nasu ke hannun masu garkuwa, ka share musu hawaye, ka dawo da na daji gida. Ka ba ƙasarmu salama, ka raya mana yaranmu cikin tsoronka, ka kai mu baɗi da rai da lafiya, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Kujeru 40 na majami'a an mayar, an ƙirga a gaban mai gadi. Manyan tukwane biyu na Zumunta suna nan, gobe da yamma yara za su kawo. Akwai kula shuɗiya mai fasasshen hannu, da tire 3, da takalmin yaro ƙafar hagu da ba mu san masu su ba, a zo a duba. Yaya Babba kuma ya ce a sanar: littafin watandar baɗi zai buɗe Lahadin farko ta Fabrairu bayan sujada, mai son shiga ya same shi da kansa, ban da aike.