Baƙi ya koma toka-toka a allon Linux: ga inda matsalar take

Ka haɗa kwamfutarka mai Ubuntu ko Linux Mint da allo ta wayar HDMI, sai ka ga hoton ya koɗe, baƙi ya zama toka-toka kamar an shafa masa ƙurar hunturu. Da yawa sukan ruga su latsa maɓallan allon suna rage haske. Wannan ɓata lokaci ne, domin galibi allon lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar da allon ne ba su yi yarjejeniya a kan ma'aunin launi ba.

Kowane launi daga cikin ja, kore da shuɗi yana da matakai 256, daga 0 zuwa 255. Talabijin kuwa tun asali tana amfani da 16 zuwa 235 ne kawai: 16 shi ne baƙi ƙirin, 235 shi ne fari fat. Direban Intel, wato manhajar da ke sarrafa na'urar hoto ta Intel a cikin kwamfuta, idan aka bar shi ya zaɓa da kansa, da ya ga girman hoto irin na talabijin, kamar 1920x1080 a kan 60Hz, sai ya ɗauka talabijin ce a gabansa ya aika da taƙaitaccen ma'aunin. Allon kwamfuta kuma yana jiran 0 a matsayin baƙi, sai 16 ta iso masa, ya nuna ta toka-toka. Idan aka samu akasin haka, wato an aika cikakke ga allo mai jiran taƙaitacce, wuraren duhu a hoto sukan haɗe su zama baƙi ɗaya.

Fara da sanin irin tsarin nuna hoto da Linux ɗinka ke amfani da shi, x11 ko wayland. Buɗe Terminal ka rubuta:

echo $XDG_SESSION_TYPE

Idan amsar x11 ce, rubuta xrandr --verbose ka nemo sunan mahaɗar da allon yake kai, da layin da ke cewa Broadcast RGB. Sannan:

xrandr --output HDMI-1 --set "Broadcast RGB" "Full"

Allon zai ɗauke na ɗan lokaci ya dawo da baƙinsa. Kula da sunan, a wasu injuna HDMI1 ne ba tare da karan tsakiya ba, kuma kuskuren harafi ɗaya ya isa umarnin ya ƙi aiki. Gyaran baya tsira idan an kashe kwamfuta, don haka saka layin a fayil ɗin ~/.xprofile ko cikin shirye-shiryen da ke tashi da kansu lokacin shiga.

Idan amsar wayland ce, xrandr ba zai taɓa wannan saitin ba, kada ka wahalar da kanka. A KDE Plasma akwai zaɓin RGB Range a saitin allo, ka mayar da shi Full. Masu katin hoto na NVIDIA da ke kan X11 su buɗe nvidia-settings, su zaɓi allon, su gyara Color Range.

Katin AMD nasa daban ne. Yakan aika da YCbCr, tsarin launi irin na bidiyo, maimakon RGB (ja, kore da shuɗi) ta HDMI muddin allon ya ce zai iya karɓa, wasu allunan kuma sai su fassara shi ba daidai ba, hoto ya rine kore ko ruwan hoda. Hanya mafi sauƙi ita ce komawa wayar DisplayPort in akwai ramin. In babu, sai a kwafi bayanan EDID na allon, wato bayanan da yake ba kwamfuta game da abin da yake iya karɓa, daga /sys/class/drm, a cire alamar YCbCr, a ajiye sabon fayil a /usr/lib/firmware/edid, a nuna wa kernel, wato zuciyar Linux, shi da drm.edid_firmware. Wannan aiki ne na mai haƙuri, kuma fayil ɗin da aka lalata yana iya barin ka da allo babu hoto, saboda haka ajiye na asali tukuna.

Ba kowace rina ce daga manhaja take ba. A tsohuwar wayar VGA, fil na 1 shi ke ɗauke da ja, na 2 kore, na 3 shuɗi. Na 2 ya lanƙwashe, allo ya koma ruwan hoda. Na 3 ya karye, komai ya koma rawaya. Gwajin mai sauƙi ne: duba tambarin da ke fitowa da zarar ka kunna inji, kafin Linux ya tashi. In rinar tana nan tun a lokacin, canja waya. Rawayar da ke zuwa da magariba ta tafi da safe kuwa Night Light ne ko Redshift, manhajojin da ke rage shuɗin allo da dare, kashe shi, ko ka rubuta redshift -x.

Sai bayan duk wannan ake maganar fayil ɗin ICC, wanda ke bayyana wa kwamfuta yadda allo ke nuna launi. A ganina babban kuskure ne a sauko da na wani daga intanet a ɗora, domin alluna biyu masu lamba ɗaya ma ba sa nuna launi iri ɗaya. Mai aikin hoto ko ɗab'i ya nemi na'urar auna launi ya yi amfani da manhajar DisplayCAL ya samar da nasa. Wanda jan allonsa ya cika ƙarfi kawai, ya duba menun allon ya zaɓi sRGB.